Hara Kabira: yadda karatu ya riƙe Yahudawan tsibirin Jarba

A shekarar 1948 Yahudawan da ke zaune a Tunisiya sun kai 100,000. Yau da ƙyar a ƙirga 1,500, kuma mafi yawansu, wajen mutum 1,000, suna tsibirin Jarba ne a kudu maso gabashin ƙasar, akasari a unguwa guda da ake kira Hara Kabira. Ba su ne aka zaci za su saura ba. Attajirai da likitoci da lauyoyi da 'yan jaridar Yahudawa duk a Tunis suke, kuma kallon ƙauyawa suke yi wa 'yan Jarba, mutanen da ba su jin Faransanci, ba su san komai ba sai tilawa da ƙirar zinari. To waɗancan 'yan birnin su ne suka watse, wasu Faris, wasu Marsai, wasu Isra'ila. Ƙauyawan kuwa suna nan da majami'unsu da makarantunsu da masu yi musu yanka, ana haihuwa, ana kaciya, ana aure.

Duk wanda ya taɓa jin labarin Jarba a rediyo, ta bakin Algariba ya ji shi, wato tsohuwar majami'ar da dubban maziyarta suka saba cikawa sau ɗaya a shekara, wadda kuma aka kai wa hari har sau uku. Ita 'yan jarida ke ɗauka hoto, ita gwamnati ke nuna wa baƙi. Amma a ganina ba ita ta riƙe mutanen ba. Ziyara ta kwana biyu zuwa uku ce. Abin da ke gudana sauran kwanakin shekara yana can kilomita shida ko bakwai daga Algariba, a ƙananan ɗakunan karatu na Hara Kabira, kuma ya samo asali ne daga wata shawara da malaman garin suka yanke sama da shekara ɗari da suka wuce.

Tsibirin da unguwanninsa biyu

Jarba shi ne tsibiri mafi girma a gaɓar arewacin Afirka, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 500. Ana shigarsa ta jirgin fito daga Jurf zuwa Ajim, ko ta wata doguwar gada mai tushe tun zamanin Rumawa. Musulminsa biyu ne, Malikawa irinmu da kuma Ibadawa, kuma har yanzu ana jin Berberanci a wasu ƙauyukansa. Wuri ne da ya saba da 'yan tsiraru masu riƙe da abinsu, domin su kansu Ibadawan haka suke a tsakanin sauran Musulmin Magrib.

Yahudawan suna da unguwa biyu. Hara Kabira, babbar unguwa, tana daf da Humt Suk, babban garin tsibirin. Hara Sagira, ƙaramar, tana can ciki, ana kiranta Riyad yanzu, kuma a gefenta Algariba take. Abin da mutanen suka gada a baki shi ne, lokacin da Bukhtanasar ya rushe Haikalin Annabi Sulaiman (AS) da ke Ƙudus a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu daga cikin limaman Haikalin sun tsere ta teku ɗauke da ƙofa ko dutse daga ginin, suka sauka Jarba, suka aza harsashin Algariba a kansa. Masana tarihi ba su da abin da zai tabbatar da wannan. Abin da ke rubuce shi ne wasiƙun fatake na ƙarni na 11 da aka tsinto a ma'ajiyar wata tsohuwar majami'a a Alƙahira, waɗanda suka ambaci Yahudawa 'yan Jarba. Ginin da ke tsaye yanzu, mai bango da ado na shuɗin tayil, na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Sai dai akwai wani abu da ke sa a saurari labarin: yawan masu sunan Kohen a tsibirin ya fita daban. Kohen shi ne wanda ke danganta kansa ga zuriyar Annabi Haruna (AS), gidan limancin Haikali, kuma a da Hara Sagira kusan duk su ne.

Majami'a a bakinsu sunanta "sla", kalmar da Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa, daga salla take. Hara Kabira kaɗai tana da su fiye da goma, kowace da iyalan da suka gaji zama a cikinta. Sla ba wurin ibadar Asabar ba ce kawai. Sau uku ake taruwa a yini, safe da la'asar da dare, kuma jam'i ba ya ƙulluwa sai da maza goma da suka cika shekara 13. A nan ake karatu, a nan ake sanar da rasuwa, a nan ake tara wa mabuƙaci. A Hara Sagira kuwa malaman da suka gabata sun kafa wata doka mai ban sha'awa: duk sauran ɗakunan ibadar unguwar ba a ajiye naɗaɗɗen littafin Attaura a cikinsu, sai a Algariba. Tunda Litinin da Alhamis da Asabar dole a karanta Attaura daga naɗaɗɗen littafi, dole kowa ya taka zuwa can. Da wannan dabarar suka hana uwar majami'un zama kufai. Mai shiga cikinta sai ya tuɓe takalmi ya rufe kai, abin da ba a yi a majami'un Turai.

Daga babbaƙu zuwa Talmud

Yaro yana shekara huɗu zuwa biyar ake kai shi gaban malami, wanda suke kira rebbi. Farkon abin da zai koya shi ne haruffa 22 na Ibrananci: alef, bet, gimel, dalet, he, waw, zayin, het, tet, yod. Duk wanda ya yi "abajada hawwaza huɗɗiya kalamana" a makarantar allo ya riga ya san wannan jerin, shi ne dai sak. Daga nan sai wasulla, ɗige-ɗige da 'yan layuka a ƙarƙashin harafi da samansa. Babbaƙu da farfaru kenan. Ɗakin kuwa ba shiru, kowa yana karatu da ƙarfi yana rausaya gaba da baya, malami yana tsinto kuskure daga cikin hayaniya. Lafazinsu bai zube ba kamar na Ibranancin da ake ji a titunan Tel Abib: ainun yana fita daga maƙogwaro, haka ha mai ƙugiya da ƙaf da ɗa, domin bakin da ya tashi da Larabci ba ya wahala da su.

Dalilin tsanantawa a kan farfaru yana cikin akwatin da ke gaban majami'a. Naɗaɗɗen littafin Attaura da hannu ake rubuta shi a kan fata, harafi 304,805, kuma babu wasali ko ɗaya a ciki, babu alamar tsayawa, babu alamar ƙira'a. Babbaƙu ne zalla. Mai karantawa a gaban jama'a yana bin layi da ɗan tsinken azurfa mai siffar hannu don kada yatsa ya taɓa rubutun, sauran kuwa daga kansa yake fitowa. Idan ya karkata wasali guda, jama'a daga baya za su yi caa su gyara masa, har da yaran da ke zaune a gefen iyayensu. An raba littattafai biyar na Attaura kashi 54, kowane mako da nasa, a sauke a shekara a koma farko. Saboda haka abin da yaro ya sha wahalarsa daga Lahadi zuwa Juma'a, shi zai ji ana karantawa ranar Asabar a gaban mahaifinsa da kakansa. Jarrabawarsa kenan, kuma duk mako ake yinta.

Bayan ya iya karatu sai fassara. Ana karanta aya, a bi ta da abin da suke kira sharh, wato a juya ta kalma bayan kalma zuwa Larabcinsu na gida. Wannan Larabcin da haruffan Ibrananci suke rubuta shi, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Sai sharhin Rashi, wani malami da ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, wanda har yau ba a buɗe Attaura ko Talmud a makarantar Yahudawa ba tare da shi ba. Kafin yaro ya balaga ya shiga Talmud, tarin muhawarar malaman Babila kan hukunce-hukunce, mafi yawansa da harshen Aramiya. Wato ɗan shekara 12 yana jujjuya harshe uku a zama guda. Fiƙihun aiki na yau da kullum kuwa daga Shulhan Arukh ake ɗaukarsa, littafin Yusuf Karo da aka fara bugawa a Benis a 1565.

Hanyar karatun Talmud ta Tunisiya tana da suna, iyyun, wato duba da zurfi. Ba a gudu. Ɗalibi zai karanta jumla, ya fara ƙoƙarin gane ta da kansa kafin ya leƙa sharhi. Idan ya leƙa, sai a tsare shi a kan kowace kalma ta Rashi: me ya dame shi a nan har ya yi magana? Da bai faɗi wannan kalmar ba, wace muguwar fahimta mai karatu zai yi? Me ya sa ya zaɓi wannan lafazin ya bar wancan? Ana iya cinye safiya guda a kan layi uku. Kuma tun yana saurayi ake sa ɗalibi ya riƙa rubuta abin da ya gano a littafinsa, a nuna wa malami ya duba. Wannan ɗabi'ar rubutu za ta yi tasiri nan gaba.

Ƙasar ba baƙuwar ilmi ba ce ga ɓangarorin biyu. Ƙairawan, garin Ibnu Abi Zaid mai Risala da almajiranmu ke karantawa a zaure, shi ne kuma garin da manyan malaman Talmud irin su Hananel da Nissim suka koyar a ƙarni na 11. Gari ɗaya, kusan zamani ɗaya.

Inda tsarin Jarba ya rabu da namu na allo shi ne wurin kwana da wurin ci. Yaro ba ya barin gidan ubansa, makarantar tana lungu na biyu ko na uku. Ba ya bara. Malamin kuma jama'a ke ɗauke da shi, daga asusun unguwa. Asusun yana cika ne ta hanyoyin da baƙo zai yi mamakinsu: ana yin gwanjon alfarmar buɗe akwatin Attaura ko ta hawa mumbari a karanta wani sashe, wanda ya fi tayi shi ke samu, kuɗin ya shiga asusu. Ga kuma sadakar maziyartan Algariba, wadda ake ciyar da gajiyayyu da masu karatu daga cikinta. Malaman da yawa suna da sana'ar hannu, kuma tsibirin ya daɗe yana tura limamai da masu yanka da masu kaciya zuwa ƙananan garuruwan kudu irin su Zarzis da Madanin da Tatawin da Bin Gardan, har cikin Libiya.

Makarantar da aka ƙi

A 1860 wasu Yahudawan Faransa suka kafa ƙungiyar Alliance Israélite Universelle a Faris. Manufarta ita ce ta ɗaga 'yan uwansu na ƙasashen Musulmi ta hanyar makarantun zamani da Faransanci. Ta buɗe ta farko a Tetwan ta Maroko a 1862, ta iso Tunis a 1878, shekara uku kafin Faransa ta mamaye ƙasar a 1881. A Tunis da Susa da Safakis abin ya karɓu. Cikin tsara biyu 'ya'yan masu tireda suka zama akawu da malaman asibiti da lauyoyi, sunaye suka koma na Faransawa, harshen gida ya koma Faransanci, kuma bayan dokar 1923 da ta sauƙaƙa samun takardar zama ɗan Faransa, dubbai suka karɓa.

Da ƙungiyar ta nemi shiga Jarba a farkon shekarun 1900, malaman tsibirin suka ce atafau. Ba su tsaya ga wa'azi ba, sun yi barazanar herem, wato yanke hulɗa: duk wanda ya ba da gida ko ya kai ɗansa, ba a ƙirga shi cikin goman jam'i, ba a ciniki da shi. A unguwar da kowa ɗan uwan kowa ne, wannan ya fi ɗauri ciwo. Alliance ba ta taɓa buɗe makaranta a Jarba ba.

Bahaushe ya san wannan fargabar. Kusan lokacin ne, a 1909, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu. Bambancin shi ne, a Jarba ba Nasara ne ya zo da bokon ba, 'yan uwansu Yahudawa ne, kuma da kyakkyawar niyya, har da darasin addini a cikin jadawalin. Abin da malaman suka hango ba wai za a hana yaro ibada ba ne. Sun lura cewa a makarantar Alliance addini darasi ne guda a cikin darussa, yana da awarsa, ana kaɗa ƙararrawa a rufe shi a buɗe lissafi. Kuma yaron da ya fito daga can zai auna kansa da ma'aunin Faris, ya dawo gida yana jin kunyar wandon ubansa, mai baƙin layi a bakin ƙafa da mazan Jarba ke sawa don makokin Haikali.

Abin da ya sa ƙin nasu ya yi aiki, a fahimtata, shi ne ba su tsaya ga rufe ƙofa ba. A daidai waɗannan shekarun wani malami mai suna Dawud Aidan ya kawo injin buga littattafai da haruffan Ibrananci, wasu maɗaba'un suka biyo baya. Cikin rabin ƙarni wannan ɗan tsibiri, da Yahudawansa ba su kai 5,000 ba, ya buga ɗaruruwan littattafai: fatawoyi, sharhohi, wa'azi, waƙoƙin yabo, labarai da Larabcin gida don mata da waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Littattafan nan na rubutun samartaka da aka ambata, da yawansu a nan suka zama bugaggu. Maƙerin zinari zai mutu, 'ya'yansa su tattara abin da ya rubuta su kai maɗaba'a. Yaron Hara yana tashi yana ganin sunan maƙwabcinsa a bangon littafi, don haka ba ya jin cewa ilmi abu ne da ake kawowa daga ƙetaren teku.

Babban malamin wannan zamanin shi ne Musa Khalfon Hakohen, wanda ya rayu daga 1874 zuwa 1950. Ya bar tarin fatawoyi mai suna Sho'el we-Nish'al, da wani littafi, Berit Kehuna, inda ya bi al'adun Jarba ɗaya bayan ɗaya ya rubuta su, tun daga yadda ake addu'a har yadda ake biki. Al'adar da ke baki gardama ɗaya ke kayar da ita. Da ta shiga littafi sai ta zama hujjar da alƙalin unguwa zai buɗe.

Juma'a da yamma

Wanda yake son ganin abin da karatun ya gina, ya tsaya a Hara Kabira ranar Juma'a bayan la'asar. Maƙeran da ke da shaguna a kasuwar Humt Suk suna ja ƙofa, suna hawa babura suna komawa gida. Yara suna ɗauke da tukwane zuwa gidan gashin burodi na unguwa, inda za a tura su cikin tanderu su kwana a kan zafi, domin daga faɗuwar rana ba mai kunna wuta sai daren Asabar. Masu suyar birik, wani siririn fanke mai ƙwai a ciki da Musulmin gari ke zuwa ci da dare, sun kwashe kaskonsu. Gidajen farare ne, da zanen kifi da tafin hannu da shuɗin fenti a bango don maganin kambun baka. Can sai a ji ƙarar ƙahon rago daga saman soro, alamar Asabar ta shigo. Daga nan babu mota, babu waya, babu taɓa kuɗi. An kewaye unguwar da wata siririyar waya a sama, wadda a hukuncinsu ke mayar da ita kamar gida ɗaya, don mutum ya iya ɗaukar jariri ko kwano daga wannan ƙofa zuwa waccan. Bayan an dawo daga sla sai kuskus.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da babi a littafin da yaron ya karanta. Bai koyi hukuncin Asabar don ya ci jarrabawa ba, ya koye shi ne don gobe shi za a aika da tukunya. Kuma ba kowa ne Bayahude a lungun ba, yanzu iyalan Musulmi da yawa suna zaune a Hara, ana jin kiran salla daga masallacin unguwar.

Abin da aka biya

Ba kyauta aka samu wannan ba, kuma waɗanda suka fi biya mata ne. Tsarin da aka bayyana duk na maza ne. A al'adar garin mata ba sa halartar jam'i, kuma tsawon ƙarnoni yarinya ba ta zuwa makaranta ko wace iri. Tana koyon hukuncin abinci da tsarki daga uwarta, a aurar da ita da wuri. A Tunis 'yan matan Alliance sun zama malamai da ungozomomi tun kafin yaƙin duniya na biyu, alhali takwarorinsu na Jarba ba su iya karanta littattafan da ake bugawa a bayan gidansu ba. Sai a shekarun 1950 aka fara koyar da 'yan mata Ibrananci a wata makarantar unguwa, da tallafin ƙungiyar agajin Yahudawan Amurka da ake kira Joint. A wannan ƙarnin kuma wasu matan unguwar da kansu suka kafa makarantar 'yan mata mai suna Kanfe Yona, ma'ana fikafikan kurciya, inda ake haɗa addini da lissafi da harsuna. Ba daga waje aka ɗora musu ba, shi ya sa ta zauna, ko da yake ba a rasa dattawan da suka yi gunaguni ba.

Mazan ma sun biya nasu. Wanda bai yi boko ba sana'arsa ƙididdigaggiya ce, kuma a Hara kusan kowa zinari da azurfa. Idan baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ko farashin zinari ya yi tsalle, unguwar gaba ɗaya ke jin jiki. Yau an sassauta, akwai yaran da ke raba yini tsakanin karatun rebbi da makarantar gwamnati inda suke zama benci ɗaya da 'ya'yan Musulmi, amma masu wucewa jami'a a cikin ƙasar kaɗan ne.

Kada kuma a ɗauka karatun ya hana tafiya. Wajen uku cikin huɗu na Yahudawan Jarba sun tafi, akasari tsakanin 1948 da ƙarshen shekarun 1960. Abin da ya bambanta shi ne inda suka nufa. Ɗan Tunis mai Faransanci ya tafi Faransa. Ɗan Jarba mai Ibrananci, wanda kullum sau uku yake addu'ar komawa Ƙudus, ya tafi Isra'ila, inda suka kafa ƙauyuka a kudancin ƙasar. Shi kansa Khalfon ya goyi bayan wannan komawa tun 1919, kuma a 2005 aka tone ƙasusuwansa aka kai Ƙudus. Wani malami haifaffen Jarba, Masliah Mazuz, ya kafa makarantar Kise Rahamim a Tunis, aka harbe shi a can a 1971, 'ya'yansa suka kwashe makarantar zuwa Bene Barak a Isra'ila. Yau masu karatu da hanyar iyyun a can sun ninka na tsibirin sau da yawa. Harshen da ya tsare su daga Faris shi ne ya buɗe musu wata ƙofar.

Akwai kuma abubuwan da ba makaranta ta yi su ba, adalci ne a faɗe su. Tsibirin yana da nisa da siyasar babban birni, don haka tarzomar Yuni 1967, da aka cinna wa babbar majami'ar Tunis wuta, ba ta yi musu irin wannan ɓarnar ba. Yawon buɗe ido ya kawo masu sayen zobe da sarƙa. Gwamnatocin Burgiba da Bin Ali sun ga amfanin a ce ƙasarsu tana da Yahudawa zaune lafiya, kuma a 2018 Rene Tarabulsi, ɗan shugaban kwamitin Algariba, ya zama ministan yawon buɗe ido. Amma garuruwan kudu da dama sun samu irin wannan nisan da irin wannan kariyar, kuma majami'unsu a kulle suke, in ban da 'yan iyalai a Zarzis. Inda babu yara goma da za a buɗe wa aji, iyali na gaba ma tattara kaya yake yi.

Tsaron kansa bai taɓa cika ba. A 1943 sojojin Jamus da suka mamaye Tunisiya sun zo ranar Asabar suka ce a kawo kilo 50 na zinari cikin 'yan awanni ko su harbe mutane, aka bi gida-gida aka tara wajen kilo 43. A watan Oktoba na 1985, kwanaki bayan jiragen Isra'ila sun kai hari hedikwatar ƙungiyar Falasɗinawa ta PLO kusa da Tunis, wani ɗan sandan da aka sa gadin Algariba ya buɗe wa masu ibada wuta. Ranar 11 ga Afrilu 2002 wani ɗan Alƙa'ida ya tayar da motar gas a jikin bangonta, mutum kusan 20 suka mutu, 14 daga cikinsu Jamusawa masu yawon buɗe ido. Ranar 9 ga Mayu 2023, ana tsakiyar ziyara, wani jami'in tsaro ya kashe mutum biyar, maziyarta biyu da abokan aikinsa uku. Sau biyu cikin hare-hare ukun da aka kai Algariba, jami'in tsaro ne maharin. Watanni huɗu bayan haka UNESCO ta sa Jarba cikin wuraren tarihi na duniya, da masallatansa da majami'unsa.

Ita ziyarar tana faɗowa ne kwana 33 bayan shigar Idin Ƙetarewa na Yahudawa, a watan Afrilu ko Mayu. A shekarun da ake cikin kwanciyar hankali, mata kan rubuta buƙatunsu a jikin ƙwai, su durƙusa su ajiye a wani ɗan kogo da ke ƙarƙashin akwatin Attaura, mai neman miji da mai neman haihuwa. Ana yin gwanjon gyale, a lulluɓe wata babbar fitila mai hawa-hawa da su, a tura ta a kan ƙafafun keke ana kiɗa ana guɗa har cikin lungunan Riyad. Bayan harin 2023 da yaƙin Gaza, masu shiryawa suka soke wannan zagayen a 2024, aka taƙaita abin ga addu'a da kunna kyandir a cikin gini, maziyarta kuma ba su fi a ƙirga ba.

Hara Sagira yanzu iyalan Yahudawa kaɗan suka rage a cikinta, gidajen da yawa sun zama masaukin baƙi da shagunan zane. A Hara Kabira kuwa, inda babban malamin Yahudawan Tunisiya Hayim Bitan yake zaune, motar 'yan sanda tana tsaye a mashigar unguwa dare da rana, kuma iyaye suna lissafin da kakanninsu suka yi a 1948 da 1967: a zauna ko a tafi. Kusan kowane gida yana da ɗa ko 'ya a Faris ko a Isra'ila da ke cewa a taho. Ana aure da wuri, ana haihuwa da yawa, shi ya sa duk da masu fita adadin bai faɗi ƙasa da inda yake shekaru arba'in da suka wuce ba. Yaran da aka haifa a shekarar harin ƙarshe sun kusa isa a kai su gaban rebbi su fara alef.